Kaset ɗin Samarin Rani

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, wanda na daɗe ina kewaya shi kamar akuya da turke. Na rubuta muku labarin gidan da aka haife ni, na rubuta na shekarun da na yi ina koyarwa a firamare a nan Tsanyawa, har abubuwan da ba wanda ya tambaye ni na rubuta, duk don in jinkirta isowa nan. Saura maganar kaset. Ku huɗun nan kun tashi da labari guda: wai akwai kaset ɗin bidiyo ɗaya tak a duniya wanda mahaifinku yake ciki yana motsi, yana dariya, yana waƙa, kuma wansa, Baffa Malam, ya ƙone shi. An yi kaset, an kuma ƙone shi, wannan gaskiya ne. Sauran labarin kuma, ku natsu ku ji. Kai kuma Babangida, kada ka tsallake shafi, na san halinka tun kana aji uku.

Kafin ya zama manomin da kuka sani, mai dawowa da ƙasa a duga-dugai da ƙanshin ɗanyar gyaɗa a riga, mahaifinku mawaƙi ne. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, amma alƙalami ba shi da kunya: Ɗanjuma Mai Jita ake ce masa, daga nan har Makoda, har Dawanau. Su huɗu ne. Shi yake waƙa yana kaɗa jita. Tanko yana kan kalangu da ganga. Ila yana danna fiyanon da ake haɗa wa batirin mota, Mamman Dogo kuma yana riƙe da wata jitar mai kaurin murya wadda ƙirji yake riga kunne jin ta. Dukansu manoma ne, da damina ba ka ganin ɗayansu sai da fartanya a kafaɗa. In hatsi ya shiga rumbu, sai su ɗora lasifikoki a bayan a-kori-kura su shiga gari-gari, shi ya sa aka sa musu suna Samarin Rani. Kiɗansu ba na fada ba ne, ba sa wasa kowa, ba sa roƙon kowa. Waƙoƙin soyayya suke yi da na tafiya cin rani, sanye da wanduna masu buɗaɗɗiyar ƙafa, ga suma kamar an kifa musu ƙwarya. Dattawa suna cewa lalacewa ce ta shigo gari. Mu 'yan mata muna cewa haka ne, sannan mu koma gefe mu tambayi ranar da za su dawo.

Ranar da na fara ganinsa na zo hutu ne daga makaranta, aka aike mu Makoda ni da ƙanwata Asabe mu gaishe da wata kakarmu. Muna sauka daga mota muka ji lasifika a filin bayan kasuwa, sai gaisuwar kaka ta jira mu. Filin ya cika, ni kuma gajera, na hau kan wani turmi da aka kife a ƙofar wani gida. Waƙar da suke yi ita ce wadda ta fi kowace tashe a lokacin:

Ranar kasuwa ta zo, ke ba ki zo ba,
Goron da na saya miki ya bushe a aljihu.

In an rubuta ta a takarda ba wata waƙar a-zo-a-gani ba ce, na koyar da Hausa shekara da shekaru, na san haka. Amma da a bakinsa kuka ji ta. Yana da wata murya mai ɗan dishi-dishi, yana jan ƙarshen baiti kamar ba ya son rabuwa da shi. Da ya ɗago ido ya gan ni a kan turmi sai baiti na gaba ya ɓace masa, Tanko ne ya rufa masa asiri da kalangu. Daga baya ya rantse mini cewa ƙuda ne ya faɗa masa baki. Na aure shi bayan shekara biyu, kuma har ya koma ga Allah bai janye maganar ƙudan nan ba.

Gidan da na shigo kuwa gidan malamai ne. Kakanku alaramma ne, babban ɗansa Malam Hadi, wato Baffanku, ya bi sawunsa tun yana ƙarami. Mahaifinku shi ne ya kauce, mutane suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Baffa Malam bai taɓa zaginsa ba, amma in ya ji lasifika daga gabas sai ya bi ta yamma ko da hanyar ta ninka. Da kakanku ya kwanta ciwon ajali, ya kama hannun mahaifinku yana shafa kan yatsunsa da tsirkiya ta yi wa kanta, ya daɗe yana shafawa. Bayan sadakar bakwai mahaifinku ya naɗe jitar a tsohon bargo ya ɗora a kan rufin ɗaki. Samarin Rani suka watse, kowa ya kama gabansa. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ta ba. Na yi murna, don na huta da harara a gidan biki, na kuma yi baƙin ciki a ɓoye. Wani lokaci muna ɓarar gyaɗa sai in ga yatsunsa suna wasa a bakin ƙwarya su kaɗai, in ya lura sai ya dunƙule hannun ya ce a miƙo masa ruwa.

Shekarar da nake son ba ku labari ta fara ne da idon Tanko. Yanar ido ta rufe masa duka biyun, aka ce sai an yi masa aiki a Kano, shi kuwa ba shi da komai sai 'yar gona da kalangun da ya rataye. Makaɗa suna da al'adarsu da ake kira ajo: in buƙata ta taso wa ɗayansu, sai 'yan'uwansa su shirya wasa, jama'a su zo su yi kari, abin da aka samu a ba shi. Ila da Mamman Dogo suka yi ta sintiri a zaurenmu har sau uku, don sun san in babu muryar Ɗanjuma ba wanda zai bar inuwar gidansa. A na ukun ya tashi ya je wajen wansa neman izini. Da ya dawo na tambaye shi abin da aka ce masa.

"Yaya ya ce shi bai ce in je ba, bai kuma ce kada in je ba," in ji shi.

"To kai me ka ce?"

"Na ce Tanko ya rufa mini asiri sau ba adadi. Rana ɗaya ce, Allah Ya ga zuciyata. Rana ɗaya, in mayar da ita inda na ɗauko ta."

A Makoda aka yi, a filin nan dai na bayan kasuwa, daga azahar zuwa gab da magariba. Ni ban je ba. Matar gidan malamai, kuma malamar 'ya'yan mutane, ina ni ina filin wasa? Na wuni ina sharar tsakar gidan da ba ta da datti. Ya dawo murya a dishe, ido yana ƙyalli kamar na yaron da ya sha zuma a ɓoye, ya naɗe jitar ya mayar kan rufi kamar yadda ya yi alkawari. Sai washegari ya ji cewa mutumin da ya yi ta kewaya su da na'ura a kafaɗa ba ɗan kallo ba ne, mai ɗaukar bidiyon biki ne da Ila ya ɗauko daga Dawanau ba tare da ya shawarci kowa ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya hau mota ya je har shagon mutumin, ya karɓo kaset ɗin tun ba a kwafe shi ba, ya zo ya kulle a akwatinsa na ƙarfe. Na ce masa me zai yi da shi, tunda ba mu da abin kallo a gida. Ya ce zai san yadda zai yi da shi. Aka yi wa Tanko aiki, ido ɗaya ya buɗe. Kaset yana akwati.

Ruwan shuka ya sauka, mahaifinku ya shuka geronsa, ya yi noman farko, zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu. Ba zan tsaya a nan ba, na riga na rubuta wannan a wani wuri kuma ba ni da ƙarfin maimaitawa. Na shiga takaba gero yana gwiwa, na fita an fara girbi. Babangida, kana da shekara goma sha bakwai a lokacin. Ummi kuwa shekararta uku, tana bin duk mai farar riga tana kiran Baba.

Bayan an gama kaka aka zauna rabon gado a zaure, Baffa Malam ne ya jagoranta. Aka fito da akwatin ƙarfe aka buɗe a gaban kowa, ni ina bayan zana ina ji. Sai aka zo kan kaset. Kun san maganar da ake yi a garin nan, ba sai na faɗa muku ba: wai mutum in ya mutu ya bar waƙa tana yawo, duk wanda ya saurara ana rubuta wa mamacin nasa kason a kabari. Wani daga cikin dattawa ya faɗe ta a fili. Baffa Malam ya ɗauki kaset ɗin ya sa a aljihun babbar rigarsa.

"Wannan ba ya shiga gado," in ji shi.

"Baffa, na ubanmu ne," in ji Babangida.

"Na sani. Ni ma ƙanena ne."

Aka wuce zuwa maganar gona. Kowa ya tashi da sanin cewa kaset ya gama yawo.

Bayan kamar mako biyu, da hantsi, ku kuna makaranta, Babangida yana gona, sai na ji gyaran murya a ƙofar sashenmu. Tunda na shigo gidan nan Baffa Malam bai taɓa tako nan ba sai ranar rasuwa. Na ja mayafi na durƙusa daga nesa, don tsakanin mace da wan mijinta akwai kunya. Ya tsaya yana kallon bango, ya ajiye wani abu naɗe a takarda a kan turmi.

"Na je Dawanau," in ji shi. "Akwai wani tsohon ɗalibina mai shagon gyaran talabijin. Na sa ya rufe ƙofa ya fita. Na kalla."

Na ɗago na dubi abin da ya ajiye a kan turmin.

"Tun muna samari nake jin ana cewa ƙanena yana da murya. Ban taɓa tsayawa na ji ba sai da babu shi." Ya gyara tsayuwarsa. "Malamai sun saɓa a kan maganar nan, ni ina cikin masu tsoro. Da niyyar ƙone shi na ɗauka. Hannuna ya ƙi. Ke kika zauna da shi, ke kika fi kowa sanin abin da zai so. Ga shi nan."

Ya juya ya tafi yana share fuska da hannun riga.

Asabe tana aure a Makoda a lokacin, mijinta yana da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta. Na ce muku zan je duba ta ba ta jin daɗi. Lafiyarta ƙalau, ta fi ni ƙiba. Ta kunna mini, ta ja ƙofa, ta bar ni ni kaɗai. Tunda ba za ku taɓa gani ba, bari in ba ku abin da idona ya riƙe, don na sha maimaita shi a zuci har ya zauna kamar karatun allo.

Da ƙafafun mutane ya fara, don mai ɗaukar bai san na'urarsa ta kama aiki ba, sai ga akuya ta gifta. Hoton yana rawa, launin ya koɗe, komai ya yi ja-ja. Sannan aka ɗaga sama, ga filin nan cike fiye da ranar turmi. Mata a kan katangu, yara a kan bishiyar dalbejiya, dattawa kuma sun tsaya can baya da carbi a hannu kamar wucewa suke yi aka tare musu hanya, alhali su ne samarin da suke bin a-kori-kura da gudu a da. Sai ga Samarin Rani, kowa da furfurarsa. Mamman Dogo ya ranƙwafa har tsawon ya ragu. Ila ya yi tumbi, sai da ya ja fiyanon gaba kafin ya samu wurin zama. Tanko da baƙin tabarau, aka riƙo hannunsa aka zaunar da shi. Mahaifinku ne ƙarshen fitowa, cikin kaftaninsa na Juma'a da hula, ba wando mai faɗi ba suma, yana riƙe da jitar kamar an ba shi jaririn wani. Filin ya ɗauki sowa, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Waƙar farko ba ta yi daɗi ba, gaskiya ɗaya ce. Yatsun sun saba da fartanya, ya kuskure sau biyu, Ila ya shiga kafin lokaci, jama'a suka fashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar nan tasa da yake jefa kai baya har wushiryarsa ta fito. A nan na fara kuka, don wata biyar ke nan ina neman dariyar nan a kaina na kasa haɗa ta. Sai Tanko ya matse kalangu a hammata ya saki wani kiɗa, kamar yana kiran su ɗaya bayan ɗaya da suna. Kafin waƙa ta uku mahaifinku ya lumshe ido, dunduniyarsa ta hagu ta fara ɗagawa tana sauka, shekara goma sha ɗayan nan suka zube a ƙasa. Suna tsakiyar wata waƙa aka kira la'asar. Ya ɗaga hannu, komai ya tsaya cak. Mai bidiyo ya bar na'urar a kan kujera ya tafi alwala, sai aka daɗe ana nuna kujeru huɗu babu kowa, jita a jingine, iska tana kaɗa zanen da aka yi rumfa da shi. Ko wannan wurin ban taɓa cewa a wuce da shi ba.

Waƙar ranar kasuwa suka ajiye ƙarshe. Ya fara baitin farko kawai, filin ya karɓe. Ya ja da baya daga lasifika ya bar musu, yana kaɗawa yana kallonsu. Ku ga mutane masu jikoki, masu gemu fari fat, suna rera maganar goron da ya bushe a aljihu, wani yana share ido da gefen rawani. Da aka gama, Tanko ya miƙe yana lalube, ya kama fuskar mahaifinku da hannu biyu yana shafawa tun daga goshi har haɓa. Bakin mahaifinku ya motsa, amma sowa ta hana a ji abin da ya ce. A nan hoton ya yanke.

Na koma bayan mako guda na sake kallo. A raina na ce in an yi hutun makaranta zan kwashe ku duka mu je, in zaunar da Ummi a cinyata in nuna mata. Da wannan niyya na je karo na uku, don in shirya da Asabe. Ina shiga na tarar da tsakar gidanta cike da mata, an shimfiɗa tabarmi, an fito da talabijin waje, har da mai sayar da ƙosai. Asabe ba ta da mugunta, amma cikinta ba ya riƙe ko ruwan sanyi. Aka kalla, aka yi shewa, aka yi guɗa, wata tana cewa ai ita ya fara nema kafin ni. Da aka gama, maƙwabciyarta ta dafa ni.

"Malama, a ara mana kwana biyu mana, maigidanmu ya gani. Jibi-jibi zan dawo miki da shi."

Kafin in amsa wata ta ce in an dawo da shi ita za a ba. Kun san garuruwan nan namu, gida yana jingine da gida, gona tana jingine da gona. Wadda ta ara miki turmi da tukunyar biki, ta zauna da ke kwana bakwai kina karɓar gaisuwa, ba ki da bakin hana ta aro. Ina cikin wannan sai mijin Asabe ya aiko a gaya mini ya riga ya yi magana da wani mai buga kaset a Dawanau, za a kwafa da yawa a kai kasuwa, marayu su samu abin sawa a baka. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na ce kaina yana ciwo, na zare kaset ɗin na sa a jaka.

A mota ina dawowa na ga abin da zai faru kamar a tafin hannuna. Zai bi gida-gida, ya shiga gidajen kallo, ya hau teburin mai shayi. Mutumin da ya ce rana ɗaya, ya je har Dawanau da ƙafarsa don kada ta zama biyu, za a sa shi ya yi ta waƙa kullum, safe da yamma, yana kwance ba shi da bakin cewa a kashe. In maganar da dattawa suke faɗa gaskiya ce fa? Wata zuciyar ta ce mini ai mahaifinku ma bai ƙone ba, wata huɗu yana akwatinsa. Wata ta ce ajali ne ya riga shi. Na rasa wadda zan bi, sai na bi tsoro. Na kuma san in na bari kuka gani sau ɗaya, ba zan iya raba ku da shi ba har abada. Washegari da rana, gida ba kowa, na kai shi bayan gida inda ake tara toka da shara don takin gona, na rufe shi da karan dawa na kunna. Warin robar ya kwana biyu a mayafina. Ni na ƙone kaset ɗin mahaifinku. Na kalla sau uku, ku ban bar ku kun kalla ko sau ɗaya ba.

Da bazara ta matso aka fara kai taki gona. Babangida, kai kake loda wa jaki mangala a jujin nan, shebur ɗinka ya tono baƙar robar da ta narke, da ƙafafun nan biyu farare da zaren kaset yake naɗuwa a kai. Juji na gida ne gaba ɗaya, kai kuma a gabanka Baffa ya sa kaset a aljihu. Ka ɗauko ka nufi zaure, yana zaune da baƙi. Ina bayan zana, na ji komai.

"Baffa, ga abin da ya rage mana na ubanmu," ka ce. "Yana da rai kun hana shi, ya mutu ma kun bi shi kun hana."

Na jira in ji Baffa Malam ya ce ba shi ba ne. Kalma huɗu ta ishe shi.

"Ajiye shi nan," in ji shi. "Je ka ka kai takinka, rana tana yi. Allah Ya yi maka albarka."

Da baƙin suka tafi na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ce masa ni na ƙone, kuma zan faɗa wa Babangida gaskiya.

"Kada ki faɗa," in ji shi. "Yaron nan sai ya samu wanda zai yi fushi da shi. In da ni ya yi, zai bi ta zaure ya wuce ni, shi ke nan. In da ke ya yi, ɗakin wa zai shiga ya ci tuwo? Sun rasa uba. Kada su rasa uwa a shekara guda."

Na karɓi maganarsa, kuma ina jin kunyar saurin da na yi wajen karɓa. Na ce wa kaina biyayya ce ga babba. Tsoro ne kawai.

Kun san sauran, don ku kuka yi shi. Gaisuwar da kuke masa ta koma ta baƙo, daga tsaye, a taƙaice. Babangida ya koma Dawanau da zama, in ya zo gida ta ƙofar baya yake shigowa. Ranar ɗaurin auren Ummi, a garin nan da baffa ne yake ba da 'yar ƙaninsa, kai Babangida ka ce kai ne waliyyi, wanda ya ƙone uba ba zai ba da 'ya ba. Aka yi ta ba ka baki ka ƙi. Baffa Malam ya zo duk da haka, ya zauna a sahun baya a gefen tabarma, aka ce shi ya fi kowa daɗewa hannunsa a sama wajen addu'a. Ina cikin gida ana ta guɗa a kaina, na ja bakina na yi shiru. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma abin da na ajiye a nawa ba sirri ba ne, haƙƙin mutum ne.

Kada ku tambaye ni ko na yi daidai. Wata rana in na idar da sallah ina jin na sauke wa mahaifinku kaya. Wata rana kuma, in Ummi ta miƙo mini waya tana nuna mini tsofaffin mawaƙan da aka tono aka sa kowa yana kallo, tana cewa, "Inna, ko dai wani ya kwafi na Baba bai faɗa ba?" sai in ji kamar na yi wa marayu fashi da rana tsaka. Ba wanda ya kwafa, Ummi. Tanko da Ila da Mamman Dogo duk sun bi shi. Muryar nan yanzu a gidan nan a kai biyu kawai ta rage yadda take a kaset ɗin, nawa da na Baffanku, kuma dukanmu mun fara mantuwa.

Makon jiya na je na same shi. Ba ya fita yanzu, yana kan buzunsa, sai an ɗaga shi. Na ce masa na fara rubuta maganar kaset.

"Ki bari sai bayan raina," in ji shi. "Me ya rage? An riga an saba."

Tunda na shigo gidan nan ban taɓa tsallake maganarsa ba. Wannan karon na tsallake. Fushin da kuka yi shekara ashirin da ɗoriya kuna kai wa ƙofar da ba ita ba, ku kawo shi nan, nawa ne, ina zaune ina jiransa. Amma kafin ku zo wajena ku fara biyawa ta ɗakinsa. Har yanzu yana ji, yana gane muryar kowannenku. Ku je tun ana iya amsa muku sallama.